Harshen Dole da Harshen Zaɓi: Sifaniyanci da Ɗalibin Kafanchan

Ko koyon harshen wata al'umma yana gyara halin mai koyo, ko kuwa dabarar neman abinci kawai yake ƙara masa, tambaya ce da ta dace da kudancin Jihar Kaduna ƙwarai. Yaron da ya tashi a Kafanchan, garin da ya bunƙasa bayan ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, yakan ji Fantswam ko Jju ko Tyap ko Hyam a gida, ya yi ciniki da Hausa, ya ɗauki darasi da Ingilishi, saboda haka in an ba shi Sifaniyanci, wato harshen ƙasar Sifaniya da galibin Latin Amurka, na huɗu ne ya samu.

Addinan yankin biyu ba su ɗauki yawan harsuna a matsayin aibi ba. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna cikin ayoyin Allah, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu. A Littafi Mai Tsarki kuwa, rarrabuwar da ta auku a Babila ta sami amsa a ranar Fentikos, inda kowa ya ji saƙo da harshen da aka haife shi a ciki, ba tare da an mayar da jama'a kan harshe guda ba.

Sai dai tarihin yankin ya hana a yi saurin cewa harshe ɗaya yana haifar da zuciya ɗaya. Tun fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, majami'u da yawa da Hausa suke sujada, kamar yadda masallatai suke wa'azi da ita, amma wannan bai hana rikicin Maris na 1987 ba, wanda ya taso daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. Waɗanda suka yi faɗan suna jin maganar juna sarai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne koyon ya karkata gefe guda: Bajju da Atyap, masu harsunan Jju da Tyap, sun koyi Hausa domin kasuwa da mulki sun tilasta, alhali kaɗan ne cikin maƙwabtansu Hausawa suka ɗauki wahalar koyon Jju ko Tyap. Harshen da aka koya bisa dole yana biyan buƙata, amma ba lalle ne ya haifar da girmamawa ba, kuma mai koyonsa yakan riƙe ɗacin rashin ramawa.

Sifaniya ma ta ɗanɗana wannan. A birnin Toledo, cikin ƙarni na 12 da na 13, malamai Kirista da Yahudawa sun fassara littattafan Larabci na falsafa da likitanci, har da Alƙanun na Ibn Sina, kuma sau da yawa harshen gari, kakan Sifaniyancin yau, shi ne gadar da ma'ana take bi kafin a rubuta ta da Latin. Ƙasar nan ce kuma ta kori Yahudawa a 1492, ta haramta Larabci a 1567, ta fara korar zuriyar Musulmi a 1609. An ci amfanin ilimin, an yar da masu shi.

Amfanin Sifaniyanci na zahiri sananne ne: kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi, kuma harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Nijeriya ta teku. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne a Kafanchan ba harshen sarauta ba ne, ba na wata ƙabila ko wani ɓangaren addini ba. A ajinsa ɗan Hausawa da 'yar Ham, masu harshen Hyam, duk baƙi ne, tare suke tuntuɓe, tare ake gyara musu, kuma mai yiwuwa nan ne ɗan babban harshe zai fara sanin kunyar da maƙwabcinsa ya sha tun yana ƙarami. Idan Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan za su auna irin wannan darasi, ya kamata su jera shi da darasin Jju da Tyap da Hyam ga ɗaliban da ba su tashi da su ba.