Haƙƙin Mutumin Gangare

A Sabha, babban birnin ƙasar Fezzan a kudancin Libiya, akwai kwari amma babu kogi. Idan mutum ya fita gari ya nufi yamma ta hanyar Ubari, zai bi wani dogon kwari da ake kira Wadi al-Ajal, dutse a hagunsa, tuddan rairayi a damansa, ya wuce gonaki da itatuwan dabino, amma ba zai ga ruwa mai gudu ba. Ruwan sama kuwa ɗan kaɗan ne, shekara takan wuce ba a sami na kirki ba. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa, tun zamanin da ayari yake tashi daga Kano ya bi ta Murzuk zuwa Tarabulus. A nan ne na fara tunawa da kogin da na sha hayewa a gadar Wudil, ban taɓa tambayar inda ya fito ko inda ya dosa ba. Tunanin nan ya kai ni ga wata tambaya da nake so mu duba tare: wane haƙƙi ne yake a kanka na mutumin da ba ka taɓa gani ba, amma abin da ya fita daga hannunka yana isa gare shi? Bari mu bi kogin nan tun daga mafarinsa, gama amsar tana cikin tafiyarsa.

Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun kudancin jihar, wajen Riruwai da gefen tsaunukan Filato. A can ba za ka ce da shi kogi ba. Ƙananan ƙoramu ne masu gangarowa da gudu a kan dutse, yaro ma yana iya tsallake wasu. Da yake gangaren yana da tsanani, ƙarfin ruwan yana tafiya ne wajen cin ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa kwarin yake da zurfi da matsatsi. Da damina ruwan yakan mirgino duwatsu, yana karo da su, yana farfasa su, su zama tsakuwa. Mutumin da yake zaune a nan yana ganin ruwan ya fito daga dutsen garinsu, saboda haka ba wuya ya ɗauka nasa ne.

Sa'ad da kogin ya ratsa dajin Falgore ya sauko fili, sai halinsa ya sāke. Gangare ya ragu, rafuffuka sun shigo ta dama da hagu, ruwa ya ƙaru, kwari ya buɗe. Yanzu ya daina haƙa ƙasa, sai ya koma cin gefe. Yana tafe yana lanƙwasa, yana zaizaye gaɓar waje inda ruwa ya fi gudu, yana zuba yashi a gaɓar ciki inda ya lafa. Duk manomin bakin kogi ya san wannan, gama gonar wani takan ragu a shekarar da ta na ƙetare ta ƙaru. A wannan yanki ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A kan Kogin Challawa kuma, wanda yake haɗuwa da na Kano kafin a kai Wudil, an gama wata madatsa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Ruwan madatsun nan ne yake shayar da birnin Kano, na Tiga kuma shi ne yake raya noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake samun shinkafa da alkama da tumatir. A nan ne kuma Challawa yake wucewa kusa da masana'antu da majemu, ya ɗauki abin da aka zuba masa.

Daga Wudil zuwa gaba sunansa Kogin Haɗeja, a nan kuwa yakan yi abin da ya saɓa wa yawancin koguna. Galibin kogi yana ƙara girma ne har ya faɗa teku, kamar yadda Kwara take yi bayan ta haɗu da Binuwai a Lakwaja. Wannan kuwa raguwa yake yi. Ya bar ƙasar dutse ya shiga ƙasar jigawa, rairayi yana shan wani, rana tana ɗauke wani, ba kuma wani babban rafi da yake ƙara masa. Ƙasa ta shimfiɗu har ruwa ya rasa inda zai nufa. Bayan Haɗeja sai ya rarrabu, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanya. Duwatsun da ya ɗauko daga Riruwai sun zama laka mai laushi, ba shi da sauran ƙarfin ɗaukarta, sai ya shimfiɗa ta a fadama. Ruwan Kogin Jama'are, wanda ya taso daga wajen Jos, shi ma yakan iso wannan fili. A wajen Gashuwa suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda yake wuce Gaidam, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar, ya shayar da gonakin tattasai na Diffa, sa'an nan ya ƙare a Tafkin Chadi kusa da Bosso. Bai taɓa ganin teku ba.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Ambaliya, wadda mutumin birni yake jin tsoro, ita ce arzikin mutumin fadama. Idan ruwa ya malala da damina ana shuka shinkafa, masunta suna kama kifi. Idan ya ja da baya, a shuka wake da sauran kayan rani a kan danshin da ya bari. Bayan girbi Fulani su shigo da shanu. Ruwan da ya nutse ƙasa shi ne yake cika rijiyoyin garuruwan da suke nesa da kogin. Har tsuntsaye sukan taso daga Turai su yi hunturu a nan, abin da ya sa aka shigar da tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya masu daraja a shekarar 2000. Fili ɗaya yana ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa.

To, bayan madatsun nan lokutan suka rikice. Babban ruwan damina, wanda a dā yake wanke laka daga hanyoyin ruwa, an tare shi a sama. Da rani kuma, sa'ad da ya kamata hanyoyin su bushe, sai ga ruwan da ake saki yana tafe kaɗan kaɗan. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta tsiro ta toshe hanyoyi, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cin hatsi. Wani gari ruwa ya kwanta masa shekara cur, wani garin kuma ya jira bai gani ba. Masu auna ruwa sun nuna a shekarun 1990 cewa abin da yake isa Gashuwa daga Kogin Haɗeja ya zama kaɗan ƙwarai, akasarin ruwan Yobe daga Jama'are yake zuwa. A farkon shekarun nan ne kuma Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka tarar ruwa yana ba da amfani a fadama, idan an haɗa noma da kifi da itacen wuta, fiye da wanda yake bayarwa a babban aikin ban ruwa na sama.

Wani zai ce, to, laifin wa ke nan? Manomin Kura bai saci ruwan kowa ba. An gina Tiga ne a shekarun da fari ya addabi Arewa, mutane suna mutuwa, dabbobi suna faɗuwa. Birnin Kano kuma ba zai zauna da ƙishirwa ba. Wannan magana gaskiya ce, bai kamata a raina ta ba. Akwai kuma wata gaskiyar. Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan a tsakiyar shekarun 1980, amma ba za a ɗora wa Kano wannan ba, gama kusan dukan ruwan tafkin daga kogunan Chari da Logone yake zuwa, fari ne kuma ya fi cinye shi. Wanda yake neman adalci wajibi ne ya fara da faɗin gaskiya, ko da ta rage wa ƙararsa ƙarfi.

Duk da haka, rashin mugun nufi ba ya sauke nauyi. Mun saba auna laifi da niyya, mu ce tun da ban yi nufin cutar kowa ba, hannuna a wanke yake. Amma kogi bai san niyya ba. Ruwan jima da aka zuba a Challawa ba ya tambaya ko da gangan aka zuba shi kafin ya shiga tulun wata mata a gangare. Abin da ya ƙara wa al'amarin wuya shi ne, ruwa hanya ɗaya yake bi. Tsakanin maƙwabta biyu masu katanga ɗaya akwai tsoron ramuwa da jin kunya, domin gobe za a haɗu a ƙofar gida. Amma mutumin Gashuwa ba shi da abin da zai zuba a ruwa ya hau zuwa Tiga. Ba zai iya ramawa ba, kukansa ma ba ya kaiwa. A irin wannan wuri ne ake gane halin mutum, gama alherin da ake yi don tsoron ramuwa ciniki ne. Ikon da mutum yake da shi a kan wanda ba zai iya mayar masa ba, amana ce, kuma girmanta daidai yake da rashin ƙarfin wancan.

Kada kuwa mutumin fadama ya ɗauka shi kullum wanda aka cuta ne. Manomin da ya haƙa hanya ya janye ruwa zuwa gonarsa a ƙasar Haɗeja, shi ma na sama ne ga mutumin Gashuwa. Na Gashuwa na sama ne ga na Diffa. Ba wanda yake zaune a bakin kogi da ba a miƙo masa ba, ba kuma wanda ba ya miƙa wa wani. Mutumin Riruwai ma da yake ganin ruwan nasa ne, ba shi ya kawo girgije ba. Shi ya sa hanyar gyara ita ce a zauna tare. A 2006 an yi taro a Damaturu, jihohi shida da kogin ya shafa, wato Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun kula da shi. Taro ba ya cire kacala da kansa, amma ya sa na sama ya ga fuskar na gangare, wannan kuwa shi ne matakin farko.

Bari mu koma Fezzan inda muka fara, domin a nan kogin ya ɗauki wata siffa. Ƙasar nan ba haka take tun asali ba. A duwatsun Messak akwai zanen raƙuman dawa da giwaye, har da kada, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa sa'ad da ruwa yake gudu a kwaruruwan nan. Ruwan saman wancan zamani ya nutse, yana kwance a ƙarƙashin ƙasa shekaru dubbai. Hausawa suna cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, mutanen Fezzan kuwa sun tona. Garamantawa, waɗanda babban birninsu yake Jarma a Wadi al-Ajal, sun haƙa ɗaruruwan hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa suka jawo shi zuwa gonakinsu, suka yi mulki na ƙarnuka. Masana da yawa suna ganin jan bayan ruwan yana cikin abin da ya raunana su. A zamaninmu kuma, a 1984, Libiya ta soma aikin da ta kira Babban Kogin da mutum ya gina, da bututu masu faɗin mita huɗu. A 1996 ruwan rijiyoyin Jabal al-Hasawna, arewa da Sabha, ya isa Tarabulus. Ga kogi wanda mafarinsa yake cikin hamada, ƙarshensa a bakin teku, ya shayar da mutane masu ɗimbin yawa. Amma ruwan saman yau ba ya mayar da abin da ake ɗiba.

Wane ne mutumin gangare a wannan kogi? Shi ne wanda ba a haifa ba tukuna. Zamani ma hanya ɗaya yake bi, kamar ruwa. Jikanmu ba zai iya zuwa taro ba, ba zai kai ƙara ba, ba zai rama ba. Abin da muka bari shi zai tarar, ko rijiya ce, ko ƙasar noma, ko halin da muka koya wa ubansa. An ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Garamantawa sun yi gaba, kufansu yana nan a Jarma don mai son ya duba.

Ba ana cewa kada a sha ruwa ba ne, ko kada a gina madatsa. Mai ƙishirwa yana da haƙƙi, mai iyali yana da haƙƙi. Abin da ake nema shi ne, kafin mutum ya tare ko ya zubar, ya sa wanda ba ya nan cikin lissafinsa, ya ɗibi daidai bukatarsa, ya saki saura a lokacin da zai amfani na gaba, ya kuma sake shi da tsabta. Duk wanda ya tsaya a gadar Wudil, idan ya dubi yamma zai ga abin da waɗansu suka bar masa. Sai ya juya ya dubi gabas, ya tambayi kansa abin da shi yake aikawa.