Magadan Waya

Duk wanda zai canza waya, tambaya guda yake yawo da ita: wacce zan saya? Ya tambayi abokin ɗaki, ya tambayi mai shago, ya kwana yana kallon bidiyon masu gwada wayoyi har kiredin shi ya ƙare. Da wuya ka ji wani ya tambayi kan shi ina wadda ke hannun shi za ta. Ni kuwa gani nike wannan tambayar ta biyu ita ya kamata ta yanke hukuncin ta farko, don a ƙasar nan waya ba ta mutuwa a hannun wanda ya saye ta. Gangarawa take yi. Daga wa zuwa ƙane, daga ɗalibi a Yamai zuwa ga uwar shi a wani ƙauye bayan Tasawa, daga can kuma zuwa ga wani jika da zai riƙa haska tocila da ita. Mutum ya shiga shago yana zaton kan shi kaɗai yake zaɓa ma, alhali mutum uku ko huɗu ne, kuma ba ko ɗaya cikin su da aka yi shawara da shi.

Kafin mu kai ga magadan, mu tsaya kan kalmar da ke tura mu shago, wato tsufa. Wanda ya yi karatun nahawu ya san Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai tun 1960, kuma aji na biyar shi ne na su "fitar da", "sayar da", "tsofar da". In ka ce abu ya tsufa, ba ka tuhumi kowa ba, lokaci ne ya yi aikin shi. In ka ce an tsofar da shi, to akwai mai hannu a ciki. Bahaushe ya san bambancin sarai, shi ya sa yake cewa wahala ta tsofar da wane tun bai kai ba. Amma in maganar waya ce, duk sai mu tsaya a "ta tsufa", kamar akuya ce da haƙoranta suka zube.

Akwai tsufa na tsakani da Allah, ba musu. Batirin litiyom yana rage ƙarfi da kowane caji, bayan caji ɗaruruwa sai ka tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin shi ya tafi, kuma zafi na gaggauta abin. Wayar da ta sha watan Afrilu da na Mayu a Tawa ko Damagaram, inda awon zafi ke wuce 40, ba za ta yi daidai da ƴar'uwarta da ke zaune cikin sanyin Turai ba. Wannan kam tsufa ne, kuma sau da yawa maganin shi sabon batir ne, ba sabuwar waya ba.

Ɗayan fa? A Disamban 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin iPhone ta hanyar sabunta manhaja, ya ce don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya in batir ya raunana ne. A Fabrairun 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25, fiye da biliyan 16 na sefa ke nan, don bai gaya ma mutane ba. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗin su bai kai na 5 ba. Ba na cewa duk mugunta ce, tsohuwar manhaja tana da ƙofofin da ɓarayi ke shiga, wannan gaskiya ne. Amma ka duba wanda abin ya faɗa ma. Mai kuɗi a birni ya daɗe da rabuwa da irin wannan wayar. Tana hannun wadda ba ta karatun boko, wadda saƙon murya shi ne dukan amfanin wayar gare ta, da shi take jin ɗanta da ke ci-rani a Aljeriya ko Legas. Ran nan ta tashi, gilashi lafiya, batir lafiya, abin ya ƙi buɗewa. An tsofar mata da ita daga wani ofishi da ba ta taɓa jin sunan garin da yake ba.

Abin da ya kamata mai saye ya gane shi ne, kwanakin waya tare da ita ake sayar da su, a cikin kwalin suke ko da ba a rubuta ba. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai na sabunta manhaja ga manyan wayoyin su masu tsada, tun daga Pixel 8 a 2023 da Galaxy S24 a 2024. Masu arha da yawa kuwa ɗan lokaci kaɗan ake kula da su, a bar su. Tarayyar Turai ta sa doka daga Yunin 2025 cewa wayar da za a sayar a can sai an tanadi kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da ita, manhaja kuma shekara biyar. Wannan dokar ba ta tsallako hamada ba. Ke nan wayar talaka ta fi saurin tsufa, kuma wutsiyar kwanakin, inda duk wahalar take, ita ke faɗawa hannun magaji.

Sai kuma tsufan da idon mutane ke yi ma waya, wanda a tsakanin mu ɗalibai ya fi sauran yawa. Ba zan raina shi ba. Kunya ba ƙaramin abu ba ce, wanda ya taɓa fiddo waya mai fasasshen gilashi gaban wadda yake nema ya san mi nike nufi. Masu ƙerawa ma sun san da haka, shi ya sa za ka ga waya mai arha da ido uku ko huɗu a baya, alhali ɗaya ne ke ɗaukar hoton kirki, sauran kusan ado ne. Son ado ba zunubi ba ne. Sai dai a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jikka 42 ne a wata tun farkon 2024, kuma kuɗin wayar ɗalibi sau da yawa daga rumbun gida ko aljihun wani yaya suka fito, ya kyautu mutum ya san nawa ne daga cikin kuɗin ya biya don aiki, nawa don a gani.

Na san amsar da za a ba ni. Kuɗina ne, ni zan riƙe ta, in na gama na ba wani ai alheri na yi, kuma ba a raina kyauta. To, a nan ne nike ganin akwai abin dubawa. A ciniki, wanda ya sayi abu yana da kariya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki na Risala ya san ba a ɓoye aibin haja, kuma in an ɓoye mai saye na da ikon maidowa. Ko a bakin kasuwa, wanda ka sayar ma waya mai mataccen batir zai neme ka, ya ƙare maka tas gaban jama'a. Kyauta ba ta da wannan. Uwarka ba za ta maido ba. Za ta karɓa da hannu biyu, ta nuna ma maƙwabta, ta sa maka albarka, sannan ta shiga biyan mai caji kullum maimakon sau biyu a mako, ta riƙa aiken yaro da ita ran kasuwa wajen mai gyara, ba kuma za ta taɓa gaya maka ba don kada ranka ya ɓaci. Ba inda aibi ke ɓoyuwa lafiya lau kamar cikin kyauta. Ka tatse abu har ya ƙafe, ka miƙa ma wanda ba ya iya ƙi, ka karɓi godiya a kai, ni dai ban san sunan da za a ba wannan ba, amma ban yarda sunan shi alheri ba.

In mutum ya yarda da wannan, zaɓen shi a shago zai sake kama. Batir ya hau gaba. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan takunkumin CEDEAO, alhali mafi yawan wutar ƙasar nan daga can take zuwa. A watannin nan kowa ya gane cewa waya mai batir 5000 da ke kwana biyu ta fi mai kyawun hoto da ke mutuwa da la'asar. Abin da birni ya ɗanɗana na ƴan watanni, shi ne zaman ƙauye na kullum. Bayan batir sai gyara. Tecno da itel da Infinix duk na kamfani guda ne, Transsion na birnin Shenzhen a Sin, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Ba talla nike musu ba, suna da nasu aibin, musamman wajen daɗewar manhaja. Amma yawan su ya sa gilashin su da bakin cajin su na nan a teburin masu gyara daga Maraɗi har ƙananan kasuwanni. Wata babbar waya ta hannu da aka shigo da ita daga Turai, mai suna da kwarjini, in gilashinta ya fashe a ƙauye ta zama madubi.

Akwai kuma harshe, kuma a nan ku yi mini uzuri, fannina ne. Wayar da za ta ƙare a hannun wanda bai shiga lakkol ba, in duk umurninta da Faransanci ne, katanga ka miƙa mishi. Wasu wayoyin na da Hausa cikin jerin harsunan su, wasu babu, kuma dubawa ba ta cin minti ɗaya a shago. Haka ma haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ: tsofaffin wayoyi da yawa akwati suke nunawa a madadin su, shi ya sa muka saba rubuta "baki" muna nufin "baƙi", mu rubuta "kasa" a bar mai karatu ya yi ta lalube ko ƙasa ce ko kasawa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa kundin sake gina ƙasa. Abin dariya ne a ce muna tafa ma wannan hannu, sannan mu sayi na'urar da za mu yini muna rubutu da ita ba tare da mun gwada ko ta san ƙ ba.

Ba kullum buƙatar mai saye da ta magaji ke haɗuwa ba. Ɗalibin da ke ɗaukar hoton takardun darasi ɗari don ba shi da kuɗin fotokofi, ko mai naɗar muryar tsofaffi don nazarin karin sauti, yana buƙatar kyamara da makirfo na kirki, kuma wannan buƙata ce ta gaske, tana gaba da ta wanda bai ma karɓi wayar ba tukuna. Ban ce mutum ya cuci aikin shi don wani ba. Abin da na ce bai kamata ya rinjayi magaji ba shi ne ido na huɗu da ke bayan waya.

Wata matsalar ta fi wannan wuya, ita ce ta lokaci. Masu kare muhalli a Turai shawarar su ita ce ka riƙe wayarka har ta mutu, kuma suna da hujja: mafi yawan kobalt ɗin da ake batir da shi daga Kwango yake fitowa, wani sashe daga ramukan da mutane ke haƙa da hannu, har da yara. Duk sabuwar waya akwai gumin wani a cikinta. Amma wannan shawara an yi ta ne don ƙasar da tsohuwar waya ke ƙarewa cikin durowa. A nan, in ka riƙe ta har ta mutu, ƙanenka da ke jiran ta gawa zai gada. In ka sake ta tana da sauran shekara biyu, ka sayi sabuwa tun ba ka matsu ba, amma wani ya samu abin da zai yi karatu da shi. Dukan hanyoyin biyu mutumin kirki na iya bin su. Wanda ya riƙe har ƙarshe sai ya haƙura da godiyar, ya kai ta wajen mai gyara a cire abin da ke da amfani. Wanda zai bayar kuma ya bayar da ranta, ko ya sa mata sabon batir kafin ya miƙa. Wani lokacin ma abin da ya fi shi ne a sayar da ita ga wanda aka gaya ma aibinta, a sai ma tsohuwa ƙaramar waya mai madannai, sabuwa fil, wadda ke kwanaki ba caji, in dai kira ne buƙatarta ba saƙon murya ba. Sai an tambaye ta ake sani, kuma tambayar ce ba mu cika yi ba.

Kowace hanya aka bi, a goge ta tukuna. Cikinta akwai hotuna da muryoyin mutanen da suka aiko maka don kai ne, ba don ƙanenka ko mai gyara su ji ba.

Mai shago ba zai gaya maka yadda wayar za ta kasance bayan shekara uku ba, shi sabuwa kaɗai ya sani, a kwali. Wanda ya sani shi ne mai gyara da ke zaune ƙarƙashin laima da ɗan ƙarfen narka dalma, don shi ake kai ma su in sun gangara hannu na biyu da na uku. Ka fara tsayawa wurin shi. Ka tambaye shi wace iri aka fi kawo mishi da kumburarren batir, gilashin wacce ne sai an aika Kano ko Yamai kafin a samu, nawa ne canjin bakin caji. In ba ya cikin aiki zai ma jawo durowa ya nuna maka waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba.