Gishirin Foga da garwashin maƙwabta

Wanda ya san ƙasar Junju, a jihar Doso, ya san wahalar da ke bayan gishirin Foga: a kankare ƙasa, a tace, a dafa ruwan har ya ƙafe. Mai gishiri in ya ba ka dunƙule, nasa ya ragu. Amma matar da ta ɗebi garwashi a murhun maƙwabciyarta, wutar gidan ba ta mutu ba. To, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, gishiri ce ko garwashi?

Tambayar ba ta masu hutu ba ce. Kwamfutocin da ke isowa nan galibi kwance ne, sun biyo hanyar Kwatano da Gaya, ɗauke da Windows wadda ba a biya kuɗinta ba. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Malamin lakkol da ke hana yara satar amsa, da ita yake buga jarrabawarsu. Ban ce shi ɓarawo ne ba, amma zuciya ba ta kwanta. Ga shi kuma a Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, alhali tsofaffin injuna da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Inji lafiya lau, mai manhaja ya ce ya tsufa.

Richard Stallman, a Amurka, ya ɗauki ɓangaren garwashi tun 1983 da shirinsa na GNU. Linus Torvalds, ɗalibi a Finlan, ya fitar da Linux a 1991, sannan Ubuntu ta zo a 2004 ta hannun Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Rashin biyan kuɗi shi ne ƙaramin abu a cikin lamarin. Babban shi ne sharaɗin lasisin GPL: ka yi amfani, ka duba cikinta, ka gyara, ka raba; amma in ka raba gyararriya, kada ka rufe wa na bayanka ƙofar da aka buɗe maka. Wannan ya fi kama da wakafi bisa ga kyauta.

Mai suka zai ce: ina amfanin ƴancin karanta abin da ba ka iya karantawa? Manomin rake a Dallol Mawri ba zai gyara Linux ba, kuma wutar lantarki ta fi lasisi damunsa. Gaskiya ne, ba na raina wannan magana. Sai dai ba kowa ke haƙa rijiya ba a gari, duk da haka akwai bambanci tsakanin rijiyar da kowane gwani zai iya yashewa da wadda makullinta ke wata ƙasa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In ana son kwamfuta ta yi magana da ita, da ƙ da ɗ da ƴ daidai, ɗalibi guda a jami'ar Doso yana da izinin fara aikin gobe, ba tare da ya rubuta wa kowa takardar roƙo ba.