Sallar Matafiyi a Zangon Jirgin Sama

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a zamanin nan ma'aikaci ko attajiri yakan ɗauki dogon hutu ya tafi ƙasashen waje. Irin wannan tafiya takan fara da zango, watau jirgi ya sauke mutum a Alƙahira ko Addis Ababa ko Dubai, ya yi sa'o'i yana jiran wani jirgin. A ɗakin jiran nan ne salla ke kuɓuce wa mutane da yawa, alhali kuwa hutun daga aiki aka ba su, ba daga bautar Allah ba.

Shari'a ba ta ƙuntata wa matafiyi ba. Aya ta 101 ta Suratun Nisa'i ta yi izinin rage salla a halin tafiya, kuma a mazhabar Malikiyya ƙasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya nufi mil 48, abin da ake ƙiyastawa da wajen kilomita 80. Mutumin Madadi ta ƙasar Gwarzo, in ya yi niyyar ƙetare, ba sai ya shiga jirgi zai fara ƙasaru ba. Da zarar ya wuce gidajen garinsu ya zama matafiyi, tun kafin ya ratsa ƙasar Kabo ya isa filin jirgin Malam Aminu Kano. Azahar da La'asar da Lisha sai su koma raka'a bibbiyu, Magariba da Asuba kuwa ba a taɓa su. Amma Muhtasar na Shehu Halilu ya fitar da wanda ya fita domin saɓo ko wargi kawai. Saboda haka mai hutu ya gyara niyyarsa tun daga gida: hutawar jiki, ko sada zumunci, ko duban ikon Allah a ƙasa.

Zaman filin jirgi ba ya yanke ƙasaru, ko da an kwana, sai in an yi niyyar zaman kwana 4 cikakku. Wanda ya bi limami mazaunin gari kuwa, sai ya cika huɗu tare da shi. In rana ta yi zawali mutum yana ƙasa, ga shi jirginsa ba zai sauka ba sai bayan faɗuwarta, yana iya haɗa Azahar da La'asar kafin ya shiga.

Abu biyu ne suka fi ruɗar masu zango. Na farko lokaci. Agogon Addis Ababa yana gaba da na Nijeriya da sa'a 2, don haka wanda ya dogara da agogon hannunsa na gida zai tarar Magariba ta daɗe da wucewa. Salla da ranar wurin da mutum yake take tafiya.

Na biyu alƙibla. Bahaushe ya saba cewa a fuskanci gabas, har gabas da alƙibla suka zama abu guda a bakinsa. To, wannan a ƙasar Hausa ne. A Addis Ababa, Makka tana arewa. A Alƙahira tana kudu maso gabas. A Dubai kuwa tana yamma, wanda ya dubi gabas a can ya juya wa Ka'aba baya ke nan. Wajibi ne a tambayi ma'aikata, ko a nemi masallacin filin, ko a duba na'urar nuna alƙibla.

Magabatan da suka tafi Makka a ƙasa ta hanyar Borno da Sudan sukan yi watanni, wasu ma shekaru, cikin rana da ƙishirwa, suna tsayar da salla a kowane zango. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, yanzu tafiyar watanni ta koma ta sa'o'i. Ina hujjar wanda yake zaune a inuwa, ga famfo kusa da shi, ya zaga kantuna har lokaci ya fita? Wanda ya tozarta salla a zangon farko, da wuya ya kiyaye ta a sauran kwanakin hutu, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su da imaninsu. Amin.