Amanar Shafi: Ɗan Gobir da Ilimin Tsara Bayani

Tsara bayani shi ne fannin da ke nazarin yadda ake shimfiɗa labari a kan takarda ko fuskar waya, ta hanyar taswira da jadawali da alama da launi, domin mai dubawa ya gane abin da ake nufi ba tare da ya ruɗe ba, kuma jami'o'in da suka yi suna a kansa, irin su ta Redin a Ingila, suna nesa ƙwarai da gaɓar gulbin Rima. Tambayar da ke gaban ɗalibin Sabon Birni ko Isa da ya fita neman wannan ilimi ta addini ce tun kafin ta zama ta sana'a: shin mutum yana iya faɗin gaskiya a kowace kalma, amma ya ci amana a wajen jera kalmomin?

Bagobiri ya riga ya ɗanɗana amsar a jikinsa, domin baƙuntarsa ma zane ne ya haife ta. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun zagaye Sakkwato da baka mai nisan mil 100 a kan takarda, suka gyara layin a 1904 da 1906 saboda Faransawa suna neman hanya mai ruwa zuwa Damagaram, sai Tsibiri, inda Gobirawa suka sake kafa sarautarsu bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa kuma suka faɗa Nijeriya. Saboda haka yaron da ya tsallaka karatu Maraɗi, ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko a ta Maryam Abacha, sunansa ɗalibin ƙasar waje a cikin dangin uwarsa, masu harshe ɗaya da tsaga ɗaya da shi.

Ba kuwa hannu rabbana yake zuwa ajin ba. Alƙur'anin da mahaddatan ƙasar Hausa suke rubutawa da hannu a ruwayar Warshu aikin tsara bayani ne cikakke: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, alifin sadarwa da kore, ta yadda ido zai rarrabe matakan karatu kafin baki ya furta. Haka littattafan fiƙihu suke ware matani, wato ainihin maganar mawallafi, daga hashiya, wato ƙarin bayanin da ake rubutawa a gefe, domin kada ra'ayin mai sharhi ya saje da na mai littafi. Magabata sun ɗauki wannan rarrabewa a matsayin tsoron Allah, kuma sun yi daidai.

Wahalar tana cikin cewa babu zanen da ba ya barin wani abu a waje. Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da Harry Beck ya tsara, wadda aka fitar a 1933, ta watsar da ainihin nisan da ke tsakanin tashoshi, amma ba ta yaudari kowa ba, tunda buƙatar fasinja ita ce ya san inda zai sauka da inda zai sauya jirgi. Taswirar da aka jingina wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wadda Bature mai yawon bincike Clapperton ya samu a Sakkwato a 1824, ta nuna kogin Kwara yana gangarawa gabas wajen kogin Nilu, kuma masana tarihi sun yi saɓani a kan ko fahimtar zamanin ce, ko kuwa dabarar kare ƙasa daga baƙon da ake shakkar nufinsa. Ma'aunin da ya fi ƙarfi shi ne haƙƙin mai dubawa: abin da aka cire domin a sauƙaƙa masa hanya hidima ce, wanda aka cire alhali yana buƙatarsa kuwa ya shiga ɓoye ilimi, laifin da malamai suka tsananta a kansa.

A gabashin Sakkwato wannan ma'auni yana taɓa rayuka. Taswirar da ta shafe ƙaramar hukuma ɗungurungum da jan launi saboda ta'asar 'yan bindiga ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta binne kasuwannin da ke ci da gonakin fadama da ake nomawa, ba ta kuma gaya wa mai tafiya wace hanya ce ta fi haɗari ba. Takardar magani da aka rubuta da ƙananan baƙaƙen Turanci tana ɗauke da dukan gargaɗin da doka ta nema, alhali tsohuwar da za ta sha maganin ajami kaɗai take karantawa, wato Hausa da baƙaƙen Larabci, rubutun da aka cire daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50 a shekarar 2007.