Gonar da Ba Ta Nuna Ba: Haƙƙin Faɗa da Haƙƙin Ɓoyewa a Fagen Bincike

Ɗakin karatu rumbu ne na amfanin da aka riga aka girbe. Duk littafi ko mujallar da mutum ya ɗauko daga kan kanta, aiki ne da mai shi ya gama, ya sheƙe, ya auna, sannan ya fito da shi kasuwa. To, amma akwai wani irin rumbun wanda ba a zuba masa hatsi ko ƙwaya ɗaya. Abin da ake ajiyewa a cikinsa bayani ne kawai: wane ne ya yi shuka, me ya shuka, a ina, da kuɗin wa, kuma yaushe yake sa ran girbi. Wannan shi ne rumbun bayanan binciken da ake kan gudanarwa, wanda ƙasashen duniya suka daɗe suna ƙoƙarin haɗa hannu su gina. Tambayar da wannan maƙala ke son ta duba ita ce: shin wajibi ne a kan manazarci ya sanar da duniya aikin da bai gama ba, ko kuwa yana da haƙƙin ya rufe gonarsa har ta nuna?

Hujjar farko da masu son a faɗa suke kawowa ita ce gudun asara. A shekarar 1975 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wani tsari mai suna CARIS, domin tattara bayanan binciken noma da ake yi a ƙasashe masu tasowa. Kowace ƙasa ta kawo jerin nata ayyukan, ta kuma sami damar ganin na sauran. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ɗauka cewa wani masani a Samaru yana neman irin geron da zai jure fari, wani kuma a Bambey ta ƙasar Senegal yana neman abu guda, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Kowannensu zai ci shekara biyar ko fiye, ya kashe kuɗin da talakawan ƙasarsa suka tara, ya faɗa cikin kurakuran da ɗayan ya riga ya faɗa ya fita. Mujalla ba za ta cece su ba, domin mujalla ba ta ba da labari sai bayan an gama, kuma kafin sakamako ya fito a takarda damina biyu ko uku sun wuce. Ƙasa mai arziki na iya jure irin wannan maimaici. Ga ƙasar da masananta ƙalilan ne, maimaici almubazzaranci ne da abin da babu.

Sai dai kuma mai ɓoyewa ba mahaukaci ba ne, yana da tasa hujjar. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba a tallar abin da bai tabbata ba. Mai niyyar tafiya ba ya shelarta sai ya ɗaure kaya, mai ƙaramin ciki kuma takan ja bakinta har sai ya fito da kansa. Wasu na kiran wannan tsoron baki, amma a ƙarƙashinsa akwai sanin halin ɗan Adam, domin an ce maso abinka ya fi ka dabara. Turawa ma ba su tsira daga wannan tsoro ba. Masanin nan na Ingila Robert Hooke ya gano ƙa'idar yadda sifirin ke miƙewa gwargwadon ƙarfin da aka ja shi. Maimakon ya bayyana ta, sai a shekarar 1676 ya wallafa haruffanta a hargitse yadda ba mai iya karantawa, bai warware su ba sai a shekarar 1678. Yana son a shaida cewa shi ya fara isa, ba ya kuma son kowa ya san inda ya isa. Duk wani manazarci mai gaskiya zai ga fuskarsa a cikin wannan dabara. Tunanin da bai nuna ba abu ne mai rauni, kuma sau da yawa shi kaɗai ne jarin mai shi.

Da a ce maganar ta tsaya a kan asara da riba, da sai mu ce kowa ya auna ya zaɓa. Fagen likitanci ne ya nuna cewa ta wuce nan. A shekarar 1980 wasu likitoci a Nottingham ta Ingila suka jarraba wani maganin daidaita bugun zuciya mai suna lorcainide a kan majinyatan da ba su kai 100 ba. Mutum 9 suka mutu a cikin waɗanda aka ba maganin, mutum 1 tak a cikin waɗanda ba a ba su ba. Likitocin suka ɗauka cewa dace ne kawai, kamfanin kuma ya bar maganin saboda dalilan kasuwanci, sakamakon ya kwanta a cikin aljihun tebur. A shekarun da suka biyo baya aka ci gaba da rubuta wa masu ciwon zuciya magunguna 'yan gida ɗaya da shi, har sai da wani babban gwaji a Amurka ya nuna a shekarar 1989 cewa suna ƙara yawan mace-mace. Sai a shekarar 1993 aka wallafa binciken Nottingham, bayan shekara 13. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin wannan labari. Shiru kawai aka yi, kuma babu wata rajista da za ta sa wani ya taso ya ce: an fara gwaji kaza a wuri kaza, ina sakamakonsa?

Wani likita ɗan ƙasar Ostareliya, John Simes, ya riga ya hango wannan rami. A shekarar 1986 ya kwatanta gwaje-gwajen da aka wallafa a kan wani nau'in ciwon daji na mata da waɗanda aka yi wa rajista tun farko, ko an wallafa su ko ba a wallafa ba. Idan aka dubi na farkon kaɗai, sai a ga haɗa magunguna da yawa yana tsawaita rayuwa. Idan aka dubi na rajistar, sai wannan fifiko ya kusa ɓacewa. Wato mujallu suna karɓar labarin nasara, labarin faɗuwa kuma ya ɓace, har duniya ta yarda da abin da ba haka yake ba. Saboda haka ya yi kira da a kafa rajista ta ƙasa da ƙasa. Kiran ya ɗauki lokaci kafin a amsa shi. Amurka ta buɗe nata rumbun a shekarar 2000. A 2004 editocin manyan mujallun likitanci suka yanke cewa ba za su ƙara wallafa gwajin da ba a yi wa rajista ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa rajistocin ƙasashe a dandali guda wanda aka fara bincikawa a 2007, sannan a 2008 aka shigar da sharaɗin cikin Ƙudurin Helsinki, cewa lallai a yi rajista kafin a ɗauki majinyaci na farko.

A nan ne tambayar ta canza kama. Majinyacin da ya yarda a jarraba magani a jikinsa bai miƙa jikin ba domin likita ya sami ƙarin girma ko kamfani ya sami riba. Ya miƙa shi ne bisa fahimtar cewa abin da aka koya zai amfani na baya. Ke nan aikin ba mallakar likita ba ne shi kaɗai tun daga ranar farko; amana ce a hannunsa. Mutanen Kano sun ɗanɗani abin da duhu ke haifarwa a wannan fage. A lokacin annobar sanƙarau ta shekarar 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Akasarin duniya ba ta ji labarin ba sai da jaridar Washington Post ta bankaɗo shi a watan Disamba na 2000, aka kuma yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 a shekarar 2009. Ba za a ce rajista ita kaɗai za ta hana abin da ya faru ba. Amma da akwai buɗaɗɗen wuri da aka rubuta wane ne ke gwaji, wa ya ba shi izini, me ake nema, da masu tambaya sun sami inda za su fara tun da wuri.

To, ko za mu rufe magana a nan, mu ce kowa ya faɗi abin da yake yi? Adalci bai yarda ba tukuna. Faɗa tsakanin tsara daban, faɗa tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi daban. Idan masani a jami'ar da ba ta da wutar lantarki tsayayya ya rubuta abin da yake nema, wani da ke da kayan aiki da kuɗi a wata nahiya zai iya karantawa, ya gama a wata shida abin da zai ɗauki na farkon shekara huɗu. Haka abin yake tsakanin ƙasashe. A farkon shekarar 2007 Indunusiya ta daina aika samfurin ƙwayar murar tsuntsaye zuwa cibiyoyin Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa hujjar cewa kamfanoni na sarrafa rigakafi daga samfurinta, su sa masa farashin da ita ba za ta iya biya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Nuwamba na 2021 kuma, masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in cutar korona da aka sa wa suna Omicron, suka sanar da duniya ba tare da jinkiri ba. Tukuicin da suka samu shi ne, cikin 'yan kwanaki ƙasashen Turai da Amurka suka rufe wa ƙasashensu ƙofa, kafin daga baya Birtaniya ta haɗa har da Nijeriya. Duk wanda ya ga haka ya koyi darasi, kuma darasin mugu ne: faɗin gaskiya da wuri yana jawo hukunci.

Abin da nake gani shi ne, wajibcin faɗa yana nan, amma yana da ma'auni kuma yana da kishiya. Ma'auninsa shi ne gwargwadon abin da wasu suka zuba a cikin aikin. Marubucin da ke tsara labari a ɗakinsa da alƙalaminsa babu wanda yake binsa bashin bayani. Wanda ke aiki da kuɗin jama'a, jama'a na da haƙƙin su san yana yi. Wanda ke aiki da jikin mutane kuwa, ba shi da uzurin ɓoyewa ko kaɗan, ko sakamako ya yi daɗi ko bai yi ba. Kishiyar wajibcin kuma ita ce nauyin da ke kan mai karɓa. Wanda ya leƙa rumbu ya ga wani yana noma wata gona, mutunci ya wajabta masa ya nemi haɗin gwiwa ko ya ambaci sunan wanda ya riga shi. Turjiyar Indunusiya ta haifar da yarjejeniyar da aka amince da ita a shekarar 2011, wadda ta ɗora wa kamfanonin da ke amfana da samfuri su ba da gudummawar kuɗi, su kuma ware wani kaso na rigakafi idan annoba ta zo. Wannan ya nuna cewa ana iya ɗaure faɗa da sakayya, idan an ga dama.

Akwai kuma wani abu da mai tsoron sata kan manta. Rajista mai ɗauke da kwanan wata shaida ce. Abin da Hooke ya nema da haruffansa hargitsattsu, wato tabbacin cewa shi ya fara, rajista tana bayar da shi a fili. Mai ƙarfi ba ya buƙatar shaida sosai, domin muryarsa na kai wa nesa. Marar ƙarfi ne ya fi buƙatarta, tun da wanda ya ɓoye aikinsa aka riga shi ba shi da abin nunawa sai rantsuwa. Shi ya sa bai kamata Afirka ta tsaya a matsayin mai cika takardun wasu kawai ba. Rajistar gwaje-gwajen magunguna ta Afirka da ke birnin Cape Town, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a shekarar 2009, da kuma rumbun kundayen digiri da Ƙungiyar Jami'o'in Afirka ta fara tattarawa daga Accra, matakai ne na mallakar murya. Wanda ke da nasa rumbun yana shiga taro a matsayin abokin tarayya, ba almajiri mai riƙe da ƙoƙo ba.

Maganar ba ta likitoci da masana noma ba ce su kaɗai. A sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu, ɗalibi kan zaɓi batu, ya yi wata da watanni yana yawon tattara bayani, alhali wani a wata jami'a yana tsaka da aiki a kan abu guda, wasu fannonin kuma suna nan ba wanda ya taɓa su. Masu nazarin Hausa suna warwatse daga Sakkwato zuwa Yamai, daga Landan zuwa Warsaw. Jerin da zai nuna wa ke aiki a kan me ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne amana daga ɓangarori biyu: mai rubuta sunansa ya faɗi gaskiya, ya kuma dawo ya bayyana yadda aikin ya ƙare ko da bai kai gaci ba; mai karantawa kuma ya kame hannunsa daga gonar da ba tasa ba. Idan ɗaya daga cikin biyun ya saɓa, rumbun zai cika da sunaye, amma babu mai hankalin da zai sake zuba gaskiyarsa a ciki.