Labarin Mugunta, Da Ƙarshensa Ake Auna Shi

Ran nan bayan la'asar na tarar da samarin unguwarmu suna gardama a majalisa, kowa da waya a hannu. Wai a kan wani labarin zane ne na ƙasar Jafan, irin wanda suke kira manga, mai suna Death Note, da ya fito daga 2003 zuwa 2006. Wani ɗalibi ne, Light, ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki sai ya mutu. Ya fara da kashe masu laifi, ya ƙare da kashe duk wanda ya tare masa hanya. Haushin wasu daga cikin samarin shi ne ƙarshen: wai gwarzonsu ya mutu a wulaƙance, yana roƙon a bar shi da rai. Labarin ya lalace ke nan, in ji su.

Na ce, to, wane ƙarshe kuke so? A naɗa shi sarki?

Ai mu a Bauchi ba baƙon abu ba ne wannan. Littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buga a 1934, labarin baƙin ciki ne. An sace yaro, an sayar da shi, an ƙetara Sahara da shi. Uwarsa ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa bauta. Da suka haɗu a ƙasar Larabawa wahala ta riga ta cinye ta, ba a jima ba ta rasu. Da marubucin ya ga dama sai ya dawo da su gida tare, a yi ta guɗa. Da mun ji daɗi, amma da ya yi mana ƙarya game da cinikin bayi. Abin da bauta ta ƙwace ba ta mayarwa.

Wannan shi ne ma'aunina. Duk labarin da ya sa mu bi mugu tun daga farko har muka fara jin daɗin wayonsa, ya ci bashi, kuma a ƙarshe yake biya. Tilas ya nuna mana abin da muguntar ta ci. Light ya ɗauki kansa mai raba rai da mutuwa, sai aka nuna shi yana tsoron abin da ya daɗe yana rabawa mutane. Zafin da kuka ji, samari, alama ce kun ɗan so shi fiye da kima. Ku tambayi kanku dalili.

Shi ya sa iyayenmu ba sa roƙon kyakkyawan farko kawai. Kullum addu'arsu ita ce Allah ya sa mu cika da kyau da imani. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.